Gondor: Daular da Cibiyarta Ta Koma Kan Iyaka

Daga cikin ƙasashen da marubuta suka ƙaga da alƙalami, waɗanda ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba, ƙalilan ne aka yi wa irin hidimar da Shehun Malami J. R. R. Tolkien na Jami'ar Oxford ya yi wa daular Gondor. Domin shi wannan bawan Allah, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya kuma rasu a Ingila a 1973, bai wadatu da ya ce an yi wani sarki a wani gari mai nisa ba kamar yadda masu tatsuniya suka saba, sai da ya auna wa ƙasar tsawo da faɗi, ya gudanar mata da koguna tun daga idon ruwa har bakin teku, ya jera mata sarakuna da shekarun sarautarsu, sa'an nan ya bi iyakarta ƙarni bayan ƙarni yana nuna inda ta kai da inda ta janye. Abin da ya ja hankalina cikin wannan aiki, wanda kuma nake ganin ya cancanci mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa, shi ne cewa iyakar Gondor ba takobin abokin gaba ne ya fi cin ta ba. Ƙarancin mutane ne ya cinye ta, sannu a hankali, har wuraren da magabata suka ɗauka tsakiyar ƙasa suka wayi gari su ne bakinta.

Labarin yana warwatse ne a wurare biyu. Na farko shi ne littafin The Lord of the Rings da ya fito juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955, musamman ta'aliƙan da ke ƙarshen juzu'i na uku, inda aka kawo jerin sarakuna da lissafin shekaru. Na biyu kuwa shi ne Unfinished Tales, wanda ɗansa Christopher ya tattara daga takardun mahaifinsa ya buga a 1980. Shi Christopher ɗin ne kuma ya zana taswirar da aka buga tare da The Lord of the Rings tun farko. A wata wasiƙa da Tolkien ya aika wa marubuciya Naomi Mitchison a 1954 ya bayyana cewa da taswira ya fara, sa'an nan ya tilasta wa labari ya bi ta, yana mai kiyaye nisan zango da kwanakin tafiya. A wata wasiƙar kuma ya ce idan aka ɗora ƙauyen Hobbiton daidai da Oxford, to birnin Minas Tirith, wanda ke mil 600 kudu da shi, zai faɗa daidai da Florence ta Italiya, bakin kogin Anduin kuwa daidai da tsohon birnin Troy. Watau dai Gondor ƙasa ce ta gefen bahar, mai sassaucin sanyi, ba irin ƙasashen ƙanƙara na arewa ba.

Siffar ƙasar ta rataya ne a kan kogi ɗaya da jerin duwatsu biyu. Kogin shi ne Anduin, wanda ya taso daga can arewa mai nisa, ya gangaro kudu ta gabashin Duwatsun Hazo, ya kutsa tsakanin tuddan Emyn Muil ya taru a tafkin Nen Hithoel, ya zubo daga gangaren Rauros, ya ratsa fadamu, ya rungumi tsibirin Cair Andros, sa'an nan ya karkata yamma ya rarrabu baki-baki ya shiga tekun Belfalas. Gabas da kogin akwai duwatsun Ephel Duath, baƙaƙe masu tsayi, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu suka zama bangon ƙasar Mordor. Siririyar ƙasar da ke tsakaninsu da kogin ita ce Ithilien, wadda ta yi suna da ni'ima da ƙoramu da itatuwa masu ƙamshi. Yamma da kogin kuma akwai Ered Nimrais, Fararen Duwatsu, waɗanda suka kwanta daga gabas zuwa yamma suka raba ƙasar gida biyu, ƙarshensu na gabas shi ne tsaunin Mindolluin da ke kallon kogin, na yamma kuwa ya shiga teku a ƙahon Andrast.

Kudu da Fararen Duwatsu nan ne ƙirjin jama'a: Lossarnach mai kwaruruka da furanni, da Lebennin mai koguna biyar, watau Erui da Sirith da Celos da Serni da Gilrain, da Lamedon ta masu zaman tudu, da Belfalas inda sarakunan Dol Amroth suke da fadarsu a kan gaɓa, sai kuma doguwar gaɓar Anfalas ta masunta da makiyaya da mafarauta. Waɗannan larduna duwatsu sun kare musu baya, teku ta buɗe musu gaba, saboda haka duk tsawon tarihin daular ba su taɓa fita daga hannunta ba, kuma masifarsu kullum daga jiragen ruwa take zuwa. Arewa da duwatsun sha'anin dabam ne, domin can akwai Anorien kusa da kogi, sa'an nan wani makeken fili na ciyawa, Calenardhon, wanda ya shimfiɗu daga Anduin har kogin Isen ba tare da wani shinge na halitta da zai tare mahayi daga gabas ba, in banda kogin da kansa, shi ma kuma yana da mashigai marasa zurfi a sama da Emyn Muil. A kan wannan fili mafi yawan bahasinmu zai tsaya.

An kafa daular a shekara ta 3320 ta Zamani na Biyu, shekara guda bayan teku ta haɗiye tsibirin Numenor, lokacin da Elendil da 'ya'yansa biyu suka tsira da jiragensu. Uban ya yi arewa ya kafa Arnor, Isildur da Anarion kuwa suka shigo ta bakin Anduin. Ya kamata mai karatu ya lura da inda suka ajiye biranensu, domin a nan asirin dukan labarin yake. Babban birnin, Osgiliath, a kan kogin aka gina shi, rabi a wannan gaɓa rabi a waccan, da gadar dutse a tsakani. Isildur ya gina Minas Ithil a gabas a jikin Ephel Duath, Anarion ya gina Minas Anor a yamma a gindin Mindolluin. Ashe ke nan a idon waɗanda suka kafa ƙasar Anduin ba iyaka ba ne, shi ne babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar gida, kuma wanda ya fara sanin Gondor daga labarin yaƙin ƙarshe, inda ake tsaron mashigin Osgiliath da rai da jini, zai yi wuya ya gaskata cewa wannan kufai ne dā fadar sarakuna.

Akwai wata ruwaya a Unfinished Tales wadda ban san kamarta ba wajen bayyana yadda mai mulki ke tunanin ƙasarsa. Bayan an karya Sauron, mai mulkin Mordor, a ƙarshen Zamani na Biyu, Elendil da Anarion sun rasu a yaƙin, sai Isildur, kafin ya kama hanyar arewa inda ajali ya same shi, ya ɗauki Meneldil ɗan ɗan'uwansa da wasu amintattu suka zaga dukan iyakokin da Gondor ke da'awa. Da suka juyo daga iyakar arewa suka iso wani tsauni mai kurmi a jikin Fararen Duwatsu, wanda daga baya aka sani da Amon Anwar ko Halifirien, sai Isildur ya hukunta cewa nan ne cibiyar daular, ya binne ƙasusuwan mahaifinsa a kan tsaunin, ya kuma yi wasiyya cewa hubbaren ya zama sirri tsakanin sarki da magajinsa, kada kowa ya taɓa shi muddin daular tana nan. Tolkien bai bar maganar a matsayin kirari ba, ya bi ta da awo: tsaunin shi ne tudu mafi kusa da tsakiyar layin da aka ja daga inda kogin Limlight ya shiga Anduin zuwa ƙarshen tsibirin Tolfalas na kudu, kuma nisansa daga mashigin Isen daidai yake da nisansa daga Minas Anor.

Shekaru dubu na farko na Zamani na Uku shekarun buɗi ne, ba kuma sai mun daɗe a kansu ba. Mutanen gabas sun fara kawo hari a 490, sarki Romendacil na ɗaya ya kore su a 500, suka kashe shi a 541, ɗansa Turambar ya ɗauki fansa ya ci ƙasa mai yawa wajen gabas. Daga 830 aka shiga zamanin sarakunan jiragen ruwa. Earnil na ɗaya ya kama tashar Umbar a 933, kuma a 1050 Hyarmendacil na ɗaya, wanda ya yi shekara 134 a kan gado, ya murƙushe sarakunan Harad har suka yi caffa suka aiko da 'ya'yansu fada a matsayin jingina. A ranar nan iyakar Gondor ta kai filin Celebrant da gefen kurmin Mirkwood a arewa, kogin Gwathlo a yamma, tafkin Rhun a gabas, kogin Harnen a kudu, daga nan kuma ta bi gaɓa har Umbar.

Sai dai wanda ya dubi wannan shimfiɗa a taswira ya ɗauka duk abin da ke ciki ƙasa ɗaya ce ya yi kuskure babba, domin akwai bambanci tsakanin ƙasar da ka zauna ka noma ka binne iyayenka, da ƙasar da ake karɓo maka haraji daga gare ta, da kuma wadda sunanka kawai ke kanta. Enedwaith, tsakanin Gwathlo da Isen, tana cikin kashi na uku: mutanen Numenor sun sare kurminta tun Zamani na Biyu don sassaƙa jirage, Gondor ba ta taɓa zaunar da jama'arta a can ba, abin da ta damu da shi kawai shi ne babbar hanyar da ta haɗa ta da Arnor da kuma gadar Tharbad, wadda daulolin biyu suke kula da ita tare. Ibn Khaldun, Allah ya jiƙansa, ya riga ya yi bayanin wannan mas'ala a Muƙaddima tun 1377, inda ya tabbatar da cewa kowace daula tana da rabon ƙasa gwargwadon yawan ma'abota asabiyyar da suka ɗauke ta, idan aka rarraba su ga larduna da kan iyaka suka ƙare to nan faɗinta ya tsaya; ya ƙara da cewa daula ta fi ƙarfi a cibiyarta, idan tsufa ya kama ta daga gefe take fara zubewa, har ya buga misali da Rumawa waɗanda Musulmi suka karɓe musu Sham amma mulkinsu ya wanzu saboda cibiyarsu tana Ƙusɗanɗiniyya. Abin sha'awa ne cewa Tolkien da kansa, a wata doguwar wasiƙa ta 1951, da wannan daula ta Rumawan gabas ya kwatanta Gondor a lokacin tsufanta.

Alamar farko ta cewa an fara ja da baya ita ce mafi ƙayatarwar gini a duk ƙasar, kuma wannan ya isa abin lura. Bayan Minalcar, wanda ya ɗauki laƙabin Romendacil na biyu, ya fatattaki mutanen gabas a 1248, sai ya gina sansanoni a gaɓar yamma ta Anduin har bakin Limlight, ya kuma sassaƙa Argonath, manyan siffofin Isildur da Anarion, a mashigar tafkin Nen Hithoel, aka hana baƙo wucewa ƙasa da nan. Mai nasara ne ya yi wannan, amma ma'anar aikin ita ce daga yanzu tsaron gabas ya koma hannun abokan ƙawance, watau mutanen arewa na Rhovanion. Don ƙarfafa wannan ƙawance ya aika ɗansa Valacar fadar sarkinsu Vidugavia, shi kuwa ya auri 'yar sarkin, Vidumavi. Da ɗansu Eldacar ya gaji sarauta sai manyan lardunan gaɓa suka ce ba za su bi mai gaurayen jini ba, yaƙin basasa ya ɓarke a 1432, aka ƙone Osgiliath a 1437, Castamir, jagoran 'yan tawayen, ya ƙwace gado, Eldacar ya dawo da taimakon dangin uwarsa ya kashe shi a mashigin Erui a 1447, 'ya'yan Castamir suka kwashe jiragen daular suka tsere Umbar a 1448. A dare ɗaya tashar da ke tsaron kudu ta zama sheƙar 'yan fashin teku, ƙasar Harondor kuwa, tsakanin Poros da Harnen, ta zama jejin da kowa ke da'awa babu mai zama. Girman kai na nasaba ne ya jawo wannan hasara, ba wani maƙiyi na waje ba.

Sa'an nan annoba ta sauka a 1636. Ta ɗauke sarki Telemnar da 'ya'yansa duka, ta share mutanen Osgiliath, har a 1640 sarki Tarondor ya mayar da fada Minas Anor. Dakarun Tharbad suka watse, Calenardhon ta yi ƙaranci, kuma mafi muni, aka janye masu gadi daga kagarun da ke bakin Mordor. Waɗannan kagaru, hasumiyoyin Narchost da Carchost a ƙofar arewa da hasumiyar Cirith Ungol a mashigin dutse, Gondor ce ta gina su don ta tsare mugun abu a ciki, da suka zama kango sai maƙiyi ya shige su ya juya fuskarsu waje. Mu da muka gaji tarihin ribaɗi muna da abin auna wannan: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya kafa ribaɗai irin su Wurno, inda ya rasu a 1837, garuruwa ya yi su, da gonaki da kasuwa da makaranta da iyali, don ya san kan iyaka ba ya tsaruwa sai da mutanen da suka haifi 'ya'yansu a wurin. Kagarun Gondor kuwa barikoki ne a kan busasshen dutse, ana aiko musu da abinci da canjin dakaru daga nesa, ranar da aka rasa wanda za a aika ranar suka mutu.

Abin da ya biyo baya jerin rashi ne. Mahaya karusai daga gabas sun fara hari a 1851, sarki Narmacil na biyu ya faɗi a 1856, aka rasa duk abin da ke gabashin Anduin in banda Ithilien; a 1944 sarki Ondoher da 'ya'yansa maza biyu suka mutu a fagen fama; Minas Ithil ta faɗi a 2002 ta zama Minas Morgul, 'yar'uwarta ta yamma aka sake mata suna Minas Tirith; a 2050 sarki Earnur ya tafi amsa ƙalubale bai dawo ba, mulki ya koma hannun wazirai masu riƙon gado, waɗanda su 26 suka jeru har 3019; a 2475 kuma aka karya gadar dutse ta Osgiliath, birnin ya zama kufai.

A zamanin waziri na goma sha biyu, Cirion, aka yi al'amarin da ya sake fasalin taswirar baki ɗaya. A 2510 wata al'umma mai suna Balchoth ta haye Anduin ta mamaye Calenardhon, dodannin duwatsu suka sauko suka haɗu da su, rundunar Gondor ta shiga tsaka mai wuya a filin Celebrant. Cirion ya riga ya aika manzanni shida, bibbiyu, zuwa ga Eotheod, jikokin waɗancan mutanen arewa na dā, waɗanda suka koma zama can kusa da mafarin Anduin. Ɗaya kaɗai, Borondir, ya isa. Sarkinsu Eorl, saurayi ne a lokacin, ya taso da barade dubu bakwai da 'yan baka a kan dawakai, ya faɗa wa maƙiyi ta baya. Bayan wata uku Cirion ya hau da shi kan Amon Anwar, a gaban hubbaren Elendil, ya ba shi Calenardhon kyauta, shi da zuriyarsa, su yi sarautarsu da dokokinsu, babu haraji babu caffa, sai dai alkawarin cewa abokin gaban ɗaya abokin gaban ɗaya ne. Eorl ya yi rantsuwa, Cirion ma ya yi. Wannan ƙasa ita ce Rohan.

An rubuta iyakar da tsantseni irin na alƙali mai raba gado. A yamma kogin Isen ne, daga mahaɗarsa da Adorn zuwa ganuwar Isengard. Daga nan a bi gefen kurmin Fangorn har Limlight, wanda shi ne iyakar arewa. A gabas Anduin da gangaren Emyn Muil har fadamun bakin Entwash, sa'an nan ƙoramar Mering da ta ratsa kurmin Anwar. A kudu Fararen Duwatsu, da sharaɗin cewa duk kwarin da ya buɗe baki arewa na Rohan ne. Gondor ta riƙe Isengard da mabuɗan hasumiyar Orthanc. Ni a ganina Cirion ya yi abin da ƙalilan daga masu mulki ke iya yi, watau ya ƙidaya mutanensa da gaskiya ya yarda cewa filin da ba shi da wanda zai zaunar a ciki ba nasa ba ne sai a takarda, ya gwammace maƙwabci mai amana da lardi wofi. Ya kuma bi hukuncin har ƙarshensa: tun da ƙoramar Mering a gindin Amon Anwar take, tsaunin da Isildur ya auna ya kira cibiya ya zama kan iyaka, sai Cirion ya yi ijtihadi cewa wasiyyar ta rataya ne ga daular kamar yadda take ranar da aka yi ta, ya tono ƙasusuwan Elendil ya mayar da su maƙabartar sarakuna a Minas Tirith. Halifirien ta zama ta ƙarshe cikin tuddai bakwai da ake kunna wutar gangami a kansu idan Gondor na neman agaji, daga Amon Din kusa da birni, a bi ta Eilenach da Nardol da Erelas da Min-Rimmon da Calenhad.

Amma kyautar tana da aibi, kuma girman Tolkien a matsayin mai tarihi shi ne bai ɓoye shi ba. Filin ba wofi ne ƙwarai ba. Mutanen Dunland, waɗanda kakanninsu suke zaune a kwarurukan Fararen Duwatsu tun kafin jiragen Numenor su iso, annoba ba ta yi musu ɓarna kamar sauran ba saboda zamansu a ware, kuma da dakarun Gondor suka ragu sai suka riƙa hayo Isen suna zama a yammacin Calenardhon. Ba wanda ya kira su kan tsauni ranar rantsuwa. Sarakunan Rohan na farko, Brego da Aldor, suka kore su da ƙarfi zuwa hayin kogi, ƙasar da ke tsakanin Isen da Adorn kuwa, wadda takarda ta ba Rohan, ta ci gaba da zama ta mutane masu jini biyu da zuciya biyu. Daga can Freca ya fito, mai faɗin ƙasa a gaɓoɓin Adorn, ya nemi 'yar sarki Helm ga ɗansa Wulf a 2754, magana ta yi zafi Helm ya kashe shi da naushi ɗaya. A 2758 Wulf ya zo da mutanen Dunland ya zauna a kan gadon Edoras, fadar Rohan, a daidai lokacin da rundunonin jirage uku daga Umbar da Harad suka tsare Gondor a gaɓarta, ga kuma dogon hunturun da ya kashe mutane da dabbobi.

Isengard ma, wadda Gondor ta keɓe wa kanta, ta zama darasi na abin da ke samun yankin da aka riƙe da suna ba a riƙe da mutane ba. Tana nesa da Minas Tirith, ƙasar wani ta shiga tsakani, manzanni suka daina zuwa, 'yan gadinta suka gauraya da maƙwabta, har mutanen Dunland suka mallake ta a 2710. Da aka fitar da su bayan hunturun nan sai waziri Beren, don neman hutu, ya miƙa wa mai sihiri Saruman mabuɗan a 2759. Shi kuwa ya mayar da ita tasa a 2953, kuma da ya tashi yaƙar Rohan tsohon ƙorafin mutanen Dunland ya hura, ƙorafin da suka riƙe shekara ɗari biyar cewa an ba baƙi ƙasarsu. Bayan yaƙin Hornburg, inda Rohan ta yi nasara a kansu, ba a kashe waɗanda aka kama ba, an sa su gyaran abin da suka rushe, aka rantsar da su cewa ba za su sake haye mashigin Isen da makami ba, aka sallame su. Adalci ne gwargwado, amma bai taɓa asalin da'awarsu ba.

A gabas kuwa janyewar ta ci gaba. A 2885 mutanen Harad suka haye Poros, Rohan ta cika alkawari, tagwayen sarki Folcwine suka mutu a mashigin aka binne su a can. A 2901 mafi yawan mazauna Ithilien suka gudu, aka bar 'yan sintiri a maɓoyar Henneth Annun. A 2912 ambaliya ta rushe Tharbad, hanyar arewa ta yanke. A 2954, da dutsen wuta na Mordor ya sake tashi, ragowar mutanen Ithilien suka hayo kogi. Daga ƙarshe aka kewaye gonakin Pelennor na Minas Tirith da ganuwar Rammas Echor, wadda daga kan hasumiyar birni ana hangen ta. Da yaƙin 3019 ya zo aka kira lardunan kudu, mutanen da suka shigo Minas Tirith ba su cika dubu uku ba, domin kowane hakimi ya bar mafi yawan dakarunsa suna jiran jiragen Umbar. Rohan kuwa, lardin da aka bayar, ta kawo barade dubu shida.

Sarki Elessar, da ya hau gado a wannan shekara ya haɗa Gondor da Arnor, ya mayar da da'awar daular kan tsofaffin iyakokinta, kuma an ruwaito cewa shi da sarki Eomer na Rohan sun yi yaƙi har bayan tafkin Rhun da filayen kudu masu nisa. Duk da haka mafi yawan hukuncinsa na farko a kan ƙasa bayarwa ne. Ya sabunta wa Rohan kyautar Cirion. Ya ba Faramir, ɗan waziri na ƙarshe mai riƙon gado, Ithilien ya zauna a Emyn Arnen don a sake cika ta da mutane. Ya bar wa bayin Mordor ƙasar da ke kewaye da tafkin Nurnen da suka daɗe suna nomawa. Ya bar wa Ent, makiyayan itatuwa na kurmin Fangorn, kwarin Isengard ya riƙe hasumiyar kaɗai. Ya ba mutanen daji, jama'ar Ghan-buri-Ghan, kurmin Druadan, wanda ke cikin Anorien kusa da fadarsa, da dokar kada wani ya shiga sai da izininsu. Daga baya kuma ya hana manyan mutane shiga ƙasar Shire ta gajerun mutane, inda Hobbiton take, dokar da shi kansa ya kiyaye, domin da ya ziyarci arewa a gadar kogin Baranduin ya tsaya abokansa suka fito suka same shi.